Rabon Na Ƙasa: Tarihin Hukuncin Ruwa a Kogin Haɗeja

Kogin da ya bi ta kudancin birnin Haɗeja ba daga ƙasar Haɗeja ya taso ba, ba kuma a cikinta yake ƙarewa ba, duk wanda kuwa ya yi nufin fahimtar abin da ya wakana tsakanin mutanen wannan kwari da hukumomin da suka mulki ruwansu, lalle ne ya fara riƙe wannan a zuciyarsa. Kogin Kano, wanda ya gangaro daga duwatsun kudu ta dajin Falgore, da Kogin Challawa, wanda ya taho daga yamma, su ne suka gamu gabanin Wudil suka zama abu guda, sa'an nan ya nausa arewa maso gabas ta Ringim har ya iso Haɗeja, inda ƙasa ta shimfiɗe babu gangare sai ɗan abin da ba a rasa ba. Daga nan sai tsofaffin jigayin yashi, waɗanda iska ta jera tun zamani mai nisa, suka tare masa hanya, ya rarrabu rassa-rassa yana neman mafita a tsakaninsu, wani reshe ya nufi tafkin Nguru, wani ya je ya tarar da Kogin Jama'are suka zama Kogin Yobe kusa da Gashuwa, wanda shi kuma ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar kafin ya faɗa Tafkin Chadi.

A zamanin da babu mai ikon tsare kogi, ruwan da aka yi a ƙasar Kano cikin Yuli da Agusta yakan iso nan ya tumbatsa, ya malale fadamun Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru, a ƙarshen shekarun 1960 ma faɗin abin da yake rufewa yakan haura murabba'in kilomita 2,000. Mutanen ƙasar arziki suka ɗauki wannan malala, domin fili guda yakan ba da amfani sau uku a shekara guda. Da damina manomi ya shuka shinkafa ta riƙa tashi tare da ruwa, masunci kuwa yana bin tarwaɗa da karfasa da bargi da suka baro kogi domin su yi ƙwai a cikin ciyawa. Da kaka, ruwa na ja da baya ana binsa da wake da dawar rani a kan danshin da ya bari. Da rani kuma Fulani su gangaro da shanunsu su ci kara da ɗanyar ciyawa, mai lambu yana ɗaga ruwa da jigo yana ba albasa da tattasai. Abin da ya nutse cikin ƙasa shi ma bai salwanta ba, shi ne yake raya rijiyoyin garuruwan da ko ƙarar kogi ba sa ji.

To, inda mutum uku ke cin fili guda, ba makawa sai da ƙa'ida, al'adar ƙasar kuwa ta tanadi tata tun kafin a rubuta kome. Muddin kogi na cike, ruwa na kowa ne, mai homa da mai birgi kowa ya nemi rabonsa. Amma idan ya janye ya bar tafkuna da gurabe, kowane ɗaya yana da mai kula da shi, bulama ne ko sarkin ruwa, shi ne zai hana taɓa shi har kifi ya ƙosa, shi ne zai sa ranar su, a kuma cire masa wani kaso daga abin da aka kama. An san burtali, an san mashaya, an san lokacin da ya halatta shanu su shiga gona da lokacin da ya haramta. Kada mai karatu ya zaci aljannar duniya ake ba shi labari: an yi husuma, an yi ɓarna, wasu masu sarauta sun ci fiye da haƙƙinsu. Sai dai wanda aka zalunta ya san wanda ya zalunce shi, ya san kuma zauren da zai kai ƙara, tafiyar da ba ta wuce yini ba.

A bisa wannan al'ada sai shari'a ta zo ta ɗora nata gini, musamman bayan da Fulani suka karɓi tutar Shehu Usmanu, Sarki Sambo ya hau sarautar Haɗeja a 1808, alƙalai suka riƙa hukunci da littattafan Malikiyya. Abin mamaki ne yadda ake mantawa cewa ma'aunin ingancin ruwa yana bakin kowane almajiri tun yana ƙarami, domin wanda ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala ba zai yi nisa ba sai ya tarar da babin tsarki, inda aka koya masa cewa ruwa yana nan a kan asalinsa matuƙar wani abu baƙo bai jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba, shari'a kuma ta hane shi yin bawali a ruwan da ba ya gudu, da biyan bukata a wurin da jama'a ke ɗiba. Idan ya yi zurfi ya kai Muhtasar na Halilu, a babin raya matacciyar ƙasa zai ga cewa rijiya tana da harimi, watau kewayen da ba a yarda wani ya yi abin da zai cuci ruwanta ba, zai kuma ga an haramta wa mai rarar ruwa ya hana mai ƙishirwa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi talifi na musamman a kan irin waɗannan mas'aloli na mallakar ƙasa, shi ne Ta'alimur Radi.

Amma mas'alar da ta fi shafar Haɗeja ita ce ta na sama da na ƙasa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da wasu ƙoramu biyu na Madina, Mahzur da Muzainib, cewa mai gonar sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa da shi. Fuƙaha'u ba su tsaya nan ba, suka ƙara sharaɗi wanda a ganina ya fi hukuncin kansa nauyi, cewa wannan fifiko na na sama yana tabbata ne idan shi ya riga raya wurin. Idan kuwa na ƙasa ne ya riga shi, ga shi ana tsoron shukarsa ta halaka, to shi ake gabatarwa. Abu biyu ke nan suka haɗu a hukunci guda: akwai gwargwado sananne wanda ko makaho zai iya aunawa da ƙafarsa, akwai kuma la'akari da wanda ya riga zama. Ba a taɓa bukatar zartar da shi tsakanin Kano da Haɗeja ba, saboda babu sarkin da Allah ya ba ikon riƙe kogi. Ko a shekarun 1850, lokacin da Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye yana kai farmaki ƙasar Kano, an yi ta gwabzawa da takobi da mashi, amma ruwan Agusta bai taɓa fasa isowa ba.

Zuwan Turawa bai sauya wannan ba sai a takarda. Bayan da suka ci Haɗeja da yaƙi ran 25 ga Afrilu 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan bayinsa da 'yan majalisarsa, sun kafa dokar ƙasa ta 1910 wadda ta sa dukan filayen Arewa ƙarƙashin Gwamna, dokarsu ta ma'adinai kuma ta ce koguna da ƙoramu mallakar Sarkin Ingila ne. Masuncin Guri bai ji wannan labari ba, da ya ji ma da dariya zai yi. Kundin hukuncin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi horo ga wanda ya ɓata ruwan jama'a da gangan, sai dai abin da masu rubuta shi suke hange shi ne mutum guda da rijiya guda.

Al'amari ya juya ne a zamanin Gwamna Audu Bako, sa'ad da aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano aka gama ta a 1974, tafkin da aka ƙaddara zai riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Adalci ya wajabta a faɗi cewa niyyar ba mugunta ba ce. Shekarun fari ne, dabbobi na mutuwa, birnin Kano na girma yana kukan ruwan sha, ana kuma so a noma alkama da shinkafa da tumatir da rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Ban da haka, Haɗeja a lokacin cikin Jihar Kano take, ana ganin gida ɗaya ne, abin da wa ya samu ƙane ma ya samu. Illa dai ranar da aka rufe ƙofar Tiga, a karo na farko a tarihi na sama ya sami ikon tsare ruwa, ba zuwa idon sawu ba, zuwa inda ya ga dama, alhali babu wata doka da ta ce ga abin da ya wajaba ya saki, ga kuma watan da zai sake shi.

A 1976 gwamnatin soja ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa guda 11, cikinsu har da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedkwata a Kano, wadda daga baya madatsun suka koma hannunta. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce a bi kogi daga tushe zuwa ƙarshe ba tare da kula da iyakar jiha ba, amma tun a wurin zana taswira aka warware ta, domin an bar ƙarshen Kogin Yobe a hannun wata hukuma daban, ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri, kogi guda ya zama yana da iyayen giji biyu. Babbar illa kuwa ita ce hukumar da aka ɗora wa rabon ruwa ita ce kuma mai gonakin noman rani, da yawan kadadar da ta shayar ake auna ƙoƙarinta. Ya zama mai sayar da hatsi shi ne mai riƙe da mudu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta miƙa filaye ga gwamnoni, ruwan da ke bisansu kuwa yana hannun Tarayya. Da aka ƙirƙiro Jigawa da Yobe a 1991, aka kuma gama madatsar Challawa kusa da Ƙaraye a 1992, sai ya kasance kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja yana bayan ƙofofi biyu, dukansu a wata jiha.

Sakamakon ya zo kashi biyu, na biyun kuwa babu wanda ya hango shi. Na farko shi ne ƙanƙancewar malala: madatsu da farin 1983 da 1984 suka haɗu, har a farkon shekarun 1990 abin da ruwa ke rufewa bai kai murabba'in kilomita 1,000 ba, gonakin shinkafa suka zama fako, rijiyoyi suka ƙara zurfi, manomi da makiyayi suka matsu a ɗan abin da ya rage. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru, da farko saboda tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai suna cin rani a Baturiya da Dagona, amma masanan da suka zo ƙidayar tsuntsu suka ƙare da ƙidayar buhu. Wasu masana, Barbier da Adams da Kimmage, sun lissafa abin da fadama ke bayarwa na hatsi da kifi da itace, suka gwada da abin da aikin noman rani na Kadawa ke bayarwa, suka tarar cewa idan da yawan ruwan da aka sha za a auna, fadama ta ninka shi nesa ba kusa ba. An buga wannan, an karanta a jami'o'i, ba a sauya kome a ƙofar madatsa ba.

Kashi na biyu shi ne kachala. Domin a kai ruwa gonakin rani da famfunan Kano, sai aka riƙa sakinsa shekara duka, kogin da ya saba bushewa da rani har yara su yi wasa a cikin yashinsa ya zama ba ya ƙafewa. Wannan ciyawa kuwa ba ta son kome kamar ruwa marar zurfi mai ɗorewa, balle idan ya ɗauko sauran takin zamani daga gonakin sama. Ta cika rassan kogi, ta tare laka, laka ta toshe hanya. Tsohon Kogin Haɗeja da reshen Burum Gana, waɗanda su ne ke kai ruwa Gashuwa, suka shaƙe, ruwa ya karkata zuwa reshen Marma ya zauna bisa gonakin mutane shekara da shekaru, har ya riƙa cinye hanyar Haɗeja zuwa Nguru. Sai ga ƙauye na kuka da ruwa ya yi yawa, maƙwabcinsa a wani reshe na kuka da ƙishirwa, jan baki ya sami masauki a cikin kachala yana fitowa da asuba ya washe shinkafa, sauro da tsargiya suka ƙaru. Da wuya a sami alƙalin da zai ce wannan ba cuta ba ce, amma wa za a kai ƙara, kuma a gaban wa?

Ta fuskar tsabtar ruwa dokoki sun yi yawa, asalinsu kuwa abin kunya ne da ya faru nesa da nan. A 1988 aka gano gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, kusa da teku, a wannan shekara aka kafa hukumar kare muhalli ta Tarayya. A 1991 ta fitar da ƙa'idojin iyakance dattin da masana'anta za ta zuba a ruwa. A 1992 aka wajabta binciken illar kowane babban aiki kafin a fara shi, aka kuma yi dokar kamun kifi ta koguna da tafkuna wadda ta haramta su da guba ko nakiya. A 2007 hukumar NESREA ta gaji aikin sa ido, a 2009 ta yi ƙa'idoji na musamman a kan masaƙu da majemu. Jima sana'ar Kano ce tun kaka da kakanni, da bagaruwa da toka ake yinta. Majemun zamani da ke Challawa da Sharaɗa kuwa da sinadarin kuromiyom suke aiki, bincike bayan bincike na jami'o'inmu ya nuna ruwan da ke fita daga unguwannin masana'antun nan yana shiga Kogin Challawa da abin da ya wuce haddi. Wanda ya tsaya bakin magudanar ba ya bukatar na'ura, sharuɗɗan nan uku na babin tsarki sun ishe shi. Wahalar tana ga mutumin Ringim ko Haɗeja, domin kafin ruwa ya iso gare shi launi ya washe, wari ya gushe, abin da ya rage kuwa ido ba ya ganinsa, yana kwance cikin laka.

Dokar da ta fi kusa da taɓa zuciyar mas'alar ita ce ta albarkatun ruwa, lamba 101 ta 1993. Ta ce ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya yana ga Gwamnatin Tarayya, tsarin mulkin 1999 ma ya tafi a kan haka. Ta kuma yarda kowa ya ɗibi ruwan sha da na dabbobi kyauta, ya yi su, mai gona a bakin kogi ya shayar da gonarsa, wanda duk ya yi daidai da abin da shari'a da al'ada suka riga suka tabbatar. Sai dai izini ta bayar na ɗiba daga abin da ya iso, ba ta lamunce cewa wani abu zai iso ba. Ta ambaci mai ruwa, ta ambaci Ministan da zai ba da lasisi, ba ta ambaci gwargwado ba, ba ta kuma san wani abu wai shi wanda ya riga zama ba, alhali fadamar Auyo ta girmi aikin Kadawa da ƙarnoni.

Mutanen ƙasa sun gane haka, shi ya sa duk lokacin da aka ta da maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda aka fara aka bari fiye da sau ɗaya, sai Yobe da Borno su tashi tsaye, domin Jama'are ne kaɗai ya rage yana kai musu ruwan damina yadda Allah ya saukar da shi. Nijar ma tana da bakin magana saboda manoman tattasai na Diffa, har a 1990 ƙasashen biyu suka rattaba hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci. Abin lura ne cewa baƙo na ƙetare ya sami alkawari a rubuce tun kafin ɗan gida ya samu. Sai a 2006 aka yi taron Damaturu, inda jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka amince da tsari guda na kula da kwarin, aka kafa asusun amana, aka kuma tsara daftarin yarjejeniyar ruwa. An yashe wasu rassa, ƙauyuka sun yi gayya da lauje da kwalekwale sun buɗe hanyoyin da suka toshe, ruwa ya koma wuraren da ya daɗe da bari. Amma yarjejeniya tsakanin gwamnoni tana rayuwa ne gwargwadon himmar waɗanda suka sa hannu, wa'adinsu kuwa ƙidayayye ne. Ƙudurin dokar ruwa ta ƙasa, wanda ya nufi raba mai rabo da mai noma ta hanyar kafa hukumar sa ido mai zaman kanta, ya sha kai da komowa a majalisa, jama'a da dama suna zarginsa da nufin ƙwace bakin koguna daga hannun jihohi, har Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a 2023. A farkon 2023 ɗin ne kuma Shugaban Ƙasa Buhari ya zo Auyo ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda ke nufin Auyo ita ma ta zama ta sama ga Guri da Gashuwa.

Ambaliya ba ta daina zuwa ba, sai dai ta daina zuwa da alkawari. A 2001, da kuma 2022, madatsu sun cika sun yi amai a tsakiyar damina, ruwa ya tarar da rassan kogi a toshe, ya haura ya ci garuruwa a Ringim da Auyo da Kafin Hausa, samarin Haɗeja suka kwana bisa jinga suna jera buhunan ƙasa. Tun shekarun 1990 masana ruwa suke ba da shawara guda, cewa a rage saki da rani har kogi ya bushe na ɗan lokaci kachala ta mutu, a kuma saki mai yawa da gangan cikin Agusta, a sanar da rana, domin fadama ta sha yadda ta saba. Ko da an rubuta wannan a doka gobe, akwai cikas na ƙarfe da siminti: waɗanda suka zana Tiga sun yi mata ƙofofi daidai bukatar magudanar Kadawa da ɗan abin da zai bi kogi, ba daidai malalar Agusta ba, saboda haka mafi yawan nauyin zai faɗa kan Challawa ne, wadda ƙofofinta suka fi faɗi amma tafkinta ya fi ƙanƙanta, ga kuma birnin Kano yana jiran ruwan sha daga gare ta.